Yadda za ka sami manhajar aiki ta halal a Steam kana zaune a Sakkwato

Shekara uku da suka wuce, a watan da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke rububin buga furojet, na kunna babbar kwamfutar shagona da ke Mabera na tarar duk fayilolin cikinta sun canza suna. Katunan biki da na zana, furojet na mutum goma sha ɗaya, bidiyon wata walimar sauka da ban riga na miƙa wa masu shi ba, babu wanda ke buɗewa. Da muka bi diddigi sai muka gano ta inda ɓarnar ta shigo: wata manhajar tace bidiyo ce da aka zuba mini daga filas, irin wadda muke kira kirak, wato kwafin da aka fasa wa makulli. Na mayar wa wasu kuɗinsu, na ba wasu haƙuri. Wata ɗaliba ta tsaya bakin ƙofa tana share hawaye da gefen hijabinta, domin ba ta da wani kwafi sai wanda ke wurina. Tun daga ranar na ɗauki alkawarin ba zan ƙara ɗora kayan sata a kan injin da nake ci da iyali da shi ba.

Ɗaukar alkawari ba wuya, cikawar ce aiki. Manyan manhajojin zane da bidiyo yanzu haya ake ba da su, wata-wata, da dala. Ina cikin wannan tunani ɗan ƙanwata, wanda kullum nake yi wa faɗa kan wasan kwamfuta, ya juyo da laftof ɗinsa ya ce, "Kawu, wanga ba kantin wasa ɗai na ba, hadda kayan aiki aka saisuwa ciki." Kantin da yake nufi shi ne Steam, wani kantin intanet da ake saukar da wasanni da manhajojin kwamfuta daga cikinsa. Abin da na koya daga wannan rana zuwa yau shi na tattara a nan, domin mai shago irina, da ɗalibi, da duk wanda ke ɗaukar karatun malamai yana sa wa a intanet.

Yadda kantin wasa ya fara sayar da kayan aiki

Kamfanin Valve, wanda Gabe Newell da Mike Harrington suka kafa a Amurka a 1996, shi ya buɗe Steam a watan Satumban 2003. Da farko hanya ce kawai ta aika wa masu buga wasanninsa gyare-gyare. A 2005 ya fara sayar da wasannin wasu kamfanoni, daga nan ya zama babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta duniya. A watan Oktoban 2012 ya buɗe sashen manhajojin da ba na wasa ba, da 'yan kaya kaɗan irin su ArtRage na zane, GameMaker na ƙirƙirar wasa da 3DMark na auna ƙarfin inji. Dalilin a bayyane yake. Kamfanin ya riga ya gina hanyar karɓar kuɗi, da hanyar isar da kaya, da ta sabunta su, ga miliyoyin mutane a ciki, kuma kashi 30 cikin ɗari yake ɗauka a yawancin ciniki. Wanda ya riga ya kafa rumfa a bakin hanya, ƙara kaya a kan tebur ba ya ba shi wahala.

Daga nan ya taɓa finafinai. A 2016 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Lionsgate, ya zuba finafinai na haya da na sayarwa. Abin bai karɓu ba. A watan Fabrairun 2019 Valve ya sanar da rufe sashen bidiyon da bai shafi wasa ba, sai dai ya bar wa waɗanda suka riga suka saya abinsu a ma'ajiyarsu. Sashen manhajojin aiki kuwa yana nan har gobe. Abokin hamayyarsa Epic Games Store, da aka buɗe a Disamban 2018, shi ma ya bi sahu, ya sa manhajoji irin su Spotify da Brave a kantinsa.

Na kawo wannan tarihi ne domin ka san inda ka sa ƙafa. Wasa shi ne uwar ɗakin wannan gida, kayan aiki baƙi ne da aka ba masauki mai kyau. Ka shiga ka amfana, amma ka shiga da sanin cewa shiryayyen da ka gani yau ana iya kwashe shi gobe.

Mataki na 1: duba injinka tukuna

Kafin ka kashe ko megabait ɗaya, duba wace Windows ke kan kwamfutarka. Tun 1 ga Janairun 2024 Steam ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1, kuma na san shaguna da yawa a garin nan har yanzu a kan Windows 7 suke, saboda tsohuwar firinta ko don sabo. Kana buƙatar Windows 10 ko 11, mai 64-bit. Yana aiki a Mac da Linux ma. Manhajar Steam ta waya kuwa ba ta tafiyar da waɗannan kayan aiki; amfaninta leƙa kanti da tsaron asusu.

Duba RAM kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Da gigabait 4 za ka iya ɗan zane mai sauƙi, amma Blender na yanzu, manhajar zanen da zan yi bayaninta a gaba, gigabait 8 ne mafi ƙarancin abin da yake nema. Sai zafi, wanda mu ba sai an ba mu labari ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke haura maki 40, laftof ɗin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka zai riƙa mutuwa a tsakiyar aiki, ka yi ta zargin manhaja alhali ba laifinta. Kai shi a busa masa iska a canza masa man sanyaya, ka ɗaga bayansa daga tebur, kada ka ɗora shi a kan katifa ko darduma.

Mataki na 2: buɗe asusu, ka kulle shi tun ranar farko

Rubuta adireshin steampowered.com da hannunka. Kada ka bi mahaɗin da wani ya turo maka ta WhatsApp, kada kuma ka karɓi manhajar daga filas ɗin kowa. Fayil ɗin girkawar ƙarami ne, amma da ka buɗe shi zai jawo wasu ɗaruruwan megabait, don haka yi shi lokacin da kake da data. Buɗe asusu kyauta ne, sharaɗin shekaru 13. Babu Hausa a jerin harsunansa, shi ya sa zan riƙa kiran maɓallan da sunan da za ka gani a allo. Akwai Faransanci, ga 'yan'uwanmu na Ƙonni da ke shigowa ta Illela.

Yi amfani da imel ɗinka na kanka, wanda ka san kalmar sirrinsa kuma lambar wayarka ke kansa. Na sha ganin wanda yaron shago ya buɗe wa imel, yaron ya tafi bautar ƙasa, komai ya tafi da shi. Ƙasa kuma ka bar ta Najeriya. Wani zai ba ka shawarar ka kunna VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake, ka ce kana wata ƙasa mai arahar farashi. Yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta haramta ɓoye inda kake, kuma hukuncin na iya kaiwa ga rufe asusun da duk abin da ke ciki.

Daga nan sauke manhajar Steam a waya ka kunna Steam Guard. Da shi, ko wani ya saci kalmar sirrinka ba zai shiga ba sai ka amince daga wayarka. Za a nuna maka wata lambar ceto da ta fara da harafin R. Rubuta ta da biro a littafin da kake rubuta bashi da adashi, ka ajiye a gida. Ranar da wayar ta faɗi daga aljihu a kan kabu-kabu, wannan lamba ce za ta mayar da kai ciki.

Sabon asusu yana zama mai iyaka har sai an kashe dala 5 a cikinsa: ba zai iya aika gayyatar abota ba, ba zai shiga kasuwar 'yan wasa ba. Wannan bai hana ka sauke kayan kyauta ka yi aikinka ba, kada ya dame ka.

Mataki na 3: gyara saiti kafin ka sauke komai

Yawancin mutane suna tsallake wannan, washegari su ce Steam ya cinye musu data. Shiga Settings, sannan Downloads. A nan za ka iya sa iyakar gudun saukewa, ka kuma tsara sa'o'in da aka yarda ya yi sabuntawa da kansa. In kana sayen datar dare, sa shi tsakanin sa'o'in da kamfanin layinka ya ware. A sashen Library na saitin akwai Low Bandwidth Mode da Low Performance Mode, kunna duka biyun, za su rage hotunan da yake jawowa da nauyin da yake ɗora wa inji. A sashen Interface kashe tashinsa tare da kwamfuta, ka kuma sa ya riƙa buɗewa a Library maimakon shafin kanti mai cike da tallan bidiyo.

Akwai gyara na biyu da ya fi na data muhimmanci a wurina. Kantin nan na duniya ne, akwai abubuwan da ba za ka so su bayyana a allonka ba, balle a gaban kwastoma ko yara. Shiga Store Preferences ka cire alamar duk nau'o'in abubuwan manya. In yara na taɓa kwamfutar, tsarin Steam Families da aka fito da shi a 2024 yana ba uba ko uwa damar zaɓar abin da yaro zai gani da iyakance lokacinsa. Minti biyar ne aikin.

Mataki na 4: fara da na kyauta

A shafin kanti nemi rukunin Software. Shawarata ita ce ka yi wata guda ba ka sayi komai ba, domin mafi amfanin abin da ke ciki ba a biyan ko kwabo.

Na farko OBS Studio, wanda ya shigo Steam a 2022. Shi ne abin da ake watsa shiri kai tsaye da shi zuwa Facebook ko YouTube, ana kuma naɗar allo da shi. Azumin bara na haɗa wa wani masallacin unguwarmu: kyamara ɗaya a kan malam, waya daga na'urar lasifika zuwa laftof domin murya ta fito tas ba tare da ƙarar fanka ba, sunan sura da lambar aya a rubuce a ƙasan allo. Muna watsawa muna naɗa a lokaci guda, saboda in layi ya yanke karatun ranar bai salwanta ba. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: sa shi ya riƙa naɗa a tsarin MKV. In aka ɗauke wuta ana cikin naɗa, fayil ɗin MKV yana tsira da abin da ya riga ya shiga, shi kuwa MP4 na gargajiya yakan lalace gaba ɗaya. Bayan an shafa fatiha, a cikin OBS ɗin akwai inda za ka juya shi zuwa MP4 cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Na biyu Blender, wanda gidauniyarsa ke Amsterdam a ƙasar Holan, kyauta tun 2002, yana Steam tun 2015. An san shi da zane mai siffa uku, irin na fasalin gini da kujeru da katun, har wani fim ɗin katun na ƙasar Latbiya da aka haɗa da shi ya ci kyautar Oscar a 2025. Abin da mutane ba su cika sani ba, yana da sashen yanka bidiyo da haɗa shi. Ba shi da sauƙin koyo, makon farko za ka ji kamar ka jefar. Amma ɗalibin zanen gine-gine a Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, ko kafinta mai son nuna wa amarya fasalin gadonta kafin a yanka katako, in ya daure wata uku zai ga amfanin daurewar. Duk abin da ka ƙirƙira da shi naka ne, ka sayar yadda ka so.

Akwai Godot, kyauta, ga matasan da ke son ƙirƙirar wasa ko ƙaramar manhaja. Akwai kuma 3DMark mai sigar gwaji ta kyauta, wanda nake amfani da shi in zan sayi kwamfuta ta hannu: in bar shi ya wahalar da injin na ɗan lokaci a gaban mai sayarwa, in ya yi zafi ya mutu, ciniki ya ƙare ke nan.

Krita, manhajar zane da fenti, tana da wani tsari da ya kamata ka fahimta. A shafin masu ita kyauta ce, a Steam kuma da kuɗi. Abu ɗaya ne, kuɗin gudummawa ce ga masu haɗa ta, kai kuma ka sami sabuntawa ba tare da wahala ba. In aljihu bai ba da dama ba, ɗauko ta kyauta daga shafinsu, halal ce. Wannan ya nuna maka cewa ba komai ne sai ta Steam ba. Microsoft Word da Photoshop ba sa ciki. Don buga takardu, LibreOffice kyauta ne a shafinsa.

To in haka ne me ya sa za a bi ta Steam? Dalilina uku ne. Ka tabbata ainihin kayan ka samu, ba wani shafin bogi mai kama da na gaskiya ba. In layi ya yanke ko wuta ta tafi, saukewar tana ci gaba daga inda ta tsaya. Sannan ranar da ka canza kwamfuta, ka shiga asusunka ka tarar da jerin kayanka suna jiranka.

Mataki na 5: karanta shafin kaya kamar takardar fili

In ka ga abin kuɗi da ya kwanta maka, kada ka yi gaggawa. Gangara ƙasan shafin ka duba abin da yake buƙata na inji. Duba sharhin masu saye, musamman na kwanan nan, domin manhajar da aka yaba shekara biyar baya wataƙila masu ita sun yi watsi da ita. Duba ranar sabuntawa ta ƙarshe. A gefen dama akan rubuta in tana buƙatar wani asusu na daban ko wata yarjejeniya ta kamfanin da ya yi ta. Buɗe yarjejeniyar ka nemi abu ɗaya: an yarda a yi aikin kuɗi da ita? Wasu sigogin na gida ne ko na koyo kawai, kai kuwa katin biki za ka zana a biya ka.

Lura da shekarar da ke jikin suna. Misali Substance 3D Painter, wanda Adobe ke sayarwa a Steam da biya ɗaya maimakon haya: sigar kowace shekara daban ake sayar da ita, sabuntawarta na tsayawa bayan wani lokaci, amma wadda ka saya tana ci gaba da aiki. Ga wanda ba shi da tabbacin samun dala kowane wata, irin wannan ciniki ya fi haya kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Sannan ka yi haƙuri da lokaci. Sa kayan a Wishlist, wato jerin abubuwan da kake son saye, za a aiko maka da imel in farashi ya sauka. Manyan ragin shekara suna zuwa a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, akwai wasu a tsakani.

Mataki na 6: biyan kuɗi, inda gizo ke saƙa

Babu naira a kuɗaɗen da Steam ke sa farashi da su, da dala za ka ga komai. Katin Visa ko Mastercard ake buƙata. Tun daga 2022 bankunanmu da yawa suka rage, sannan suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. A watan Yulin 2025 wasu manyan bankuna suka sanar da dawo da shi, kowanne da iyakar da ya sa. Saboda haka tambayi bankinka abu biyu kafin ka gwada: katin nan yana biya a waje, kuma nawa suke lissafa dala yau? In bai yi ba, saura katin asusun dala, ko katin dala na cikin waya da kamfanonin hada-hadar kuɗi ke bayarwa. In za ka bi ta wannan, zuba daidai abin da za ka kashe da ɗan ƙari saboda caji, kada ka mai da shi wurin ajiya.

Sa sunanka da adireshinka na gaskiya, kamar yadda suke a banki. In katin ya ƙi sau biyu, dakata, domin yawan gwaji na sa a rufe maka saye na ɗan lokaci. In an cire kuɗi kaya bai zo ba, duba tarihin sayayya a asusunka ka rubuta wa sashen taimakon Steam tukuna. Kada ka fara da zuwa banki ka ce a janyo kuɗin, domin janyowa ta banki na sa a taƙaita asusun.

Akwai jakar kuɗi ta cikin Steam da ake zuba wa daga dala 5 zuwa sama. Abin da ya shiga cikinta ba ya komawa banki, sai dai a kashe shi a kantin, in ban da ka nemi a mayar maka cikin kwana 14 da zubawa ba tare da ka taɓa ko kwabo a ciki ba.

Yanzu maganar katin kyauta na Steam, wanda sunansa ya yi ƙaurin suna a ƙasar nan. Za ka ga masu tallansa da araha a Facebook da WhatsApp. Da yawan waɗannan katuna an samo su ne ta hanyar damfarar bayin Allah a wasu ƙasashe. Ko ka ajiye maganar haram a gefe, wanda bai kamata ka ajiye ba, katin na iya zama an riga an yi amfani da shi, ko na kuɗin wata ƙasa ne da ba zai shiga asusunka ba. Haka masu sayar da asusu ɗungurungum "cike da kaya" a kan 'yan dubbai: sayar da asusu haramun ne a dokar kantin, kuma mai shi na asali yana iya ƙwace abinsa ko yaushe da rasit ɗinsa na farko. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wata damfarar kuma ta saƙo ce. Wani zai rubuto maka cewa ya kai ƙarar asusunka bisa kuskure, za a rufe shi, sai ka yi magana da wani "ma'aikacin Steam" da zai nemi lambar da aka turo maka. Ma'aikatan Valve ba sa bin mutane ta hira suna neman lamba ko kalmar sirri. Toshe shi kawai.

Mataki na 7: awa biyu na gwaji

Tun 2015 Steam ke mayar da kuɗi in ka nema cikin kwana 14 da saye, matuƙar ba ka yi amfani da kayan ya kai awa 2 ba, kuma wannan ya haɗa da manhajojin aiki. Agogon yana tafiya ne muddin manhajar na buɗe, ko kana taɓa ta ko ba ka taɓa. Kada ka buɗe ta ka tafi sallar la'asar ka tsaya gaisawa da mutane. Shirya gwajinka tun kafin ka saya: ainihin fayil irin wanda kake aiki da shi, mai nauyi. Buɗe shi, gyara, fitar da shi, aika wa firinta. Gwada rubuta ƙ da ɗ da ɓ, gwada rubutun Larabci ka ga ko yana tafiya daga dama zuwa hagu da haruffa a haɗe, domin manhajoji da yawa a nan suke faɗuwa, mu kuwa rabin katunanmu da bismilla suke farawa. In bai yi ba, shiga help.steampowered.com ka nemi kuɗinka. Zaɓi a mayar ta katin da ka biya in kana son su dawo hannunka.

Mataki na 8: aiki ba tare da intanet ba

Ba sai kana kan layi kullum ba. Shiga asusunka sau ɗaya da intanet, ka bar shi ya tuna da kai, ka buɗe kowace manhaja sau ɗaya, ka tabbata babu sabuntawar da ta rage a rataye. Sannan a menu na Steam zaɓi Go Offline. Blender da Krita da Godot da OBS ma ba sa buƙatar Steam ya kasance a buɗe: nemo su a cikin jakar steamapps, sannan common, ka yi musu gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta.

A kan kowace manhaja danna dama ka shiga Properties. A sashen Updates zaɓi kada ta sabunta sai lokacin da ka buɗe ta. Ga Blender, sashen Betas yana ba ka damar tsayawa a kan tsohuwar siga, abin da ke ceton mai tsohon inji da wanda ke tsakiyar aikin kwastoma. A sashen Installed Files kuma akwai hanyar yin kwafin ajiya zuwa filas ko rumbun waje, don kada ka sake sayen data in ka yi wa kwamfuta wanka, wato ka goge komai ka sake girkawa. Tun 2023 kwamfutoci biyu da ke kan waifai ɗaya suna iya miƙa wa juna fayilolin girkawa, ba sai kowacce ta jawo daga waje ba.

Ga masu shago da kafe: na kyauta irin su Blender sa su a inji ko nawa ne. Na kuɗi kuwa lasisin mutum ɗaya ne, ba a saye ɗaya a baza wa kwastomomi a inji goma. Valve na da tsari na daban domin kafe, Steam PC Café, shi ya kamata ka duba.

Kiɗa da fim

A nan ba zan daɗe ba. Tun Janairun 2020 ana sayar da kiɗan wasanni shi kaɗai, yana sauka a matsayin fayil na MP3 da kake iya kwafewa. Amma sayensa bai ba ka izinin ɗora shi a bidiyon bikin kwastoma ba, kuma YouTube na iya kama shi. Fim kuwa, ka riga ka ji yadda ta kaya a 2019.

Mataki na ƙarshe: raba aikinka da kantin

Ranar da nake yi wa wani dattijo maƙwabcin shagona bayanin duk wannan, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, in mutum ya rasu, wa ka gadon abin?" Tambayar ta tsaya mini a rai, na je na bincika. Abin da kake saya a Steam lasisin amfani ne da aka ɗaura wa asusunka, kuma tun Oktoban 2024 kantin da kansa yake rubuta haka a shafin biya. Yarjejeniyar ba ta yarda a miƙa asusu ga wani ba, ba ta kuma ware gado ba. Zanen aro ne, ba ya rufe katara, ko da kuwa aron na shekaru ne.

Abin da ka mallaka da gaske shi ne aikin da ka yi da kayan, don haka shi za ka tsare. Kada ka ajiye fayilolinka a cikin jakar Steam, yi musu jaka tasu daban. Duk aikin da ka gama, fitar da kwafinsa a tsarin da kowace manhaja ke buɗewa: PDF ga takarda, PNG ga hoto, MP4 ga bidiyo. Ajiye imel ɗin rasit na sayenka na farko, ka buga shi a takarda ma, domin shi sashen taimako ke nema in an sace asusu.

Ni kowace Alhamis bayan la'asar, kafin in rufe shago, nakan jona rumbun waje in kwashe aikin mako, in zare shi in sa a jaka in tafi da shi gida. Ba ya kwana a jone da kwamfuta, domin irin cutar da ta same ni shekara uku baya tana bin duk abin da ta tarar a jone ta kulle. Ɗalibi kuma in ya kawo furojet, ba ya fita shagona sai na tura masa kwafi a imel ɗinsa, ya buɗe a wayarsa a gabana na gani.